Tattakin zagaye a karkarar Wudil: tambayoyi da amsoshi

Mutanen birni sun fara sha'awar fita karkara su taka da ƙafa, wasu don likita ya ce a rage zama, wasu don sun gaji da hayaƙi da hon ɗin A Daidaita Sahu. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi kan irin tafiyar da ake tashi daga gari, a ratsa gonaki da ƙauyuka, a biyo gaɓar kogi, a dawo inda aka faro. Da yankin Wudil na fi kafa misali, amma yawancin maganar ta shafi duk inda Kogin Wudil ya ratsa a Kano da Jigawa.

Me ya sa sai an zagayo? A je a dawo ta hanya ɗaya mana.

Na farko, inda ka bar motarka ko tashar da ka sauka nan za ka dawo, ba sai ka nemi abin hawa ba. Na biyu kuma, wanda ya fi, ƙasar bakin kogi hawa-hawa ce. Akwai tudu mai rairayi inda ake gero da wake da gyaɗa. Akwai ƙauyen kansa da gonakin bayan gida da suka sha taki. Daga nan sai ka gangara fadama, ƙasa ta koma baƙar laka, ga rake, ga lambu, ga shinkafa. Sai kuma yashin kogi. Wanda ya bi gaɓa kaɗai ya dawo, abu ɗaya ya gani sau biyu.

Shawarata a fara da tudu da sanyin safiya, domin nan inuwa ta fi ƙaranci, a bar kogi ya zama ƙarshe. In gajiya ta zo kuma hankali ya fara rarrabuwa, wanda ruwa ke gefensa ba ya ɓata.

Ina ya fi dacewa a fara?

Wudil ta fi sauƙi ga mutumin Kano. Kimanin kilomita 40 ce daga birni a kan titin Maiduguri, ta Mariri, kuma garin a bakin ruwa yake. Kogin da ake kira na Wudil haɗuwar Kogin Kano ne da Kogin Challawa, shi ne kuma yake wucewa ta Ringim ya zama Kogin Haɗejiya. Ka sauka kusa da gada, ka zaɓi gaɓa ɗaya, ka yi zagayenka a wannan ɓangaren. Sai dai ka sani ranar Juma'a kasuwar Wudil ke ci, kuma kararta na cikin manyan kasuwannin shanu a Arewa. In kallon kasuwa kake so, ranar ce. In shiru ka fito nema, zaɓi wata ranar.

Mai son ganin noman rani ya nufi Kura, Kadawa, Bunkure ko Garun Malam, inda aka ja ruwan madatsar Tiga ta manyan magudanai, hanya kuma miƙaƙƙiya ce a gefensu. A Jigawa akwai Ringim da Auyo, sai Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ga mai son tsuntsaye, amma wannan tafiyar kwana ce ga wanda ya taso daga Kano.

Nisa nawa ne, awa nawa zai ci?

Ga sabon shiga, kilomita 8 zuwa 12 ya isa. A kan kwalta mutum kan yi kilomita 4 zuwa 5 a awa, amma a rairayi da gaishe-gaishe lissafa 3. Ke nan in ka fara ƙarfe bakwai, kafin azahar ka gama, har da hutu.

Akwai alamomi a hanya, ko taswirar da zan bi?

Babu allo, babu kibiya, babu fenti a jikin itace. Wannan ne abin da ya kamata mai zuwa ya fara fahimta. Hanyoyin nan ba don 'yan yawon buɗe ido aka yi su ba. Turba ce ta zuwa gona, ko burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya, ko iyakar da ke tsakanin gonar wane da ta wane. Wasu sun girmi kakanninmu, wasu kuma bana aka fitar da su, baɗi garma ta cinye. Hoton tauraron ɗan'adam da ke cikin Google Maps yana taimakawa ka ga inda ƙauyuka suke da yadda kogi ya karkata, amma sau da yawa hoton rani ne, turbar da ya nuna maka fes tana iya kasancewa cikin dawa mai tsayin mutum biyu ko ƙarƙashin ruwa.

Taswirar gaskiya a bakin mutane take. Matambayi ba ya ɓata, amma tambayar ma da yadda ake yin ta. Ba a tare mutum a gona a ce masa "ina hanyar kogi?" kai tsaye. Sallama tukuna.

"Salamu alaikum. Baba, sannu da aiki."

"Amin, alaikumus salam. Yawwa, sannunku kadai. Daga ina haka da sassafe?"

"Daga birni muke, Baba. Zagaya ƙafa muke yi, muna son mu fita bakin ruwa."

"To, madalla. Ku miƙe burtalin nan, kada ku ratse, har ku tarar da tsamiya biyu a jere. Ku bar su a hannun hagu. Za ku ji ƙarar injin ban-ruwa, to kun iso."

Haka kwatance yake a nan: itace, rijiya, makabarta, masallaci, tsohon rami. Kada ka tambayi kilomita, kuma in an ce maka "ai nan kusa ne", ka tambaya ko za a kai kafin hantsi, domin kusan manomi ba kusan ɗan birni ba ne. Ka riƙe sunan ƙauyen da ke gabanka a kowane lokaci, shi za ka riƙa tambaya. Abin da ya fi duka shi ne a karo na farko ka nemi wani saurayi ɗan garin ya raka ku, da sanin manyansa, ka sallame shi da abin kirki. Shi zai nuna maka inda laka ke cin ƙafa da gidan da karensa ba ya wasa.

Wane lokaci ne ya fi a shekara?

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. Da kaka ƙasa ta fara tsanewa, an girbe gero tun Satumba, ana roron wake, ana shirin yankan dawa, kowa na cikin walwala, baƙo ma ya fi samun fuska. Da hunturu gonakin tudu sun zama fili, ana hangen ƙauye daga ƙauye, an jingine kara a gindin itatuwa, an ɗora harawa a kan rassa don kada dabbobi su kai gare ta. A lokacin ne kuma fadama ke yin kore shar da alkama da albasa da tumatir. Illar hunturu ƙura ce da hazo, mai asma ya kiyaye.

Bazara, wato Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40. In dole ne, a fita bayan asuba a dawo kafin ƙarfe goma. Damina kuwa ta fi kowane lokaci kyau ga ido, amma ta fi wuya ga ƙafa: turba ta rufe, ga raɓa, ga sauro, ga hadari da ke tasowa ba sallama. A cikin marka, wajen Agusta zuwa farkon Satumba, ban ba kowa shawarar bin gaɓa ba. Gaɓar kan zabge, ruwa kuma kan malalo fadama. Mutanen Ringim da Auyo da Haɗejiya ba su manta da ambaliyar 2022 ba.

Dole ne in sanar da mai unguwa?

Ba doka ba ce a rubuce, amma ka yi. In ku biyu ne kuna wucewa, gaisuwa a ƙofar masallaci ko majalisar dattawa ta wadatar. In kun kai biyar ko fiye, da jakunkuna a baya da wayoyi a hannu, to ku tsaya a zauren mai unguwa, ku faɗi daga inda kuke, da inda za ku, da abin da ya kawo ku. In ƙauyen babba ne a kai ku wajen dagaci. Minti goma ne. Zamanin ya canza, mutanen ƙauye na jin labarin masu satar shanu da masu garkuwa da mutane da 'yan leƙen asirinsu, kuma baƙuwar fuska mai auna hanya da waya abin zargi ce, da gaskiyarsu. Wanda ya gaida mai unguwa ya zama baƙonsa, labarinsa kuma kan riga shi isa ƙauye na gaba.

A wajensa ne kuma za ka ji ko akwai inda bai kamata a bi ba a wannan makon, misali in an samu saɓani tsakanin manoma da makiyaya, abin da ya fi faruwa lokacin girbi. Yankunan da ke iyaka da Katsina da kewayen dajin Falgore kuwa, ba wuraren koyon tattaki ba ne.

Zan iya yanke hanya ta cikin gona?

Da damina a'a, ko da kuwa ka ga kamar babu abin da ya tsiro. Ka bi iyaka. Za ka gane ta da layin jema ko gamba, ko shingen lalle, ko bini-da-zugu. Bayan girbi an fi sassauci a tudu, amma a lambu babu sassauci ko yaushe. Fangali ɗaya na albasa kwanakin mutum ne da kuɗin fetur ɗinsa. Kada ka taka bakin fangali, kada ka taka tiyo, in ka tarar da ƙofar shinge a rufe ka mayar da ita yadda ka same ta.

Karkarar Kano na cikin wuraren da mutane suka fi cika a ƙauyukan Afirka ta Yamma, kusan duk taku yana da mai shi, gona ɗaya ana noma ta shekara da shekaru ba hutu, da taki ake riƙe ta. Da rani za ka ga an jera shi tsibi-tsibi a fili, an kawo a jaki ko amalanke. Abin da ɗan birni ke kira daji, gadon wani ne.

To 'ya'yan itace fa? Mangwaro, kanya, tsamiya?

Su ma da masu su. Wani lokaci ma mai itacen daban, mai gonar daban, domin akan sayar da gona a bar ɗorawa ko kuka a hannun magada. Magarya ko kanya da ta faɗo a bakin hanya ba wanda zai yi maka magana. Amma jifa da hawa da kaɗawa, sai da izini. Ka roƙa, yawanci abin da za a ba ka ya fi wanda za ka tsinka.

Ana iya shiga ruwan a ƙetare, ko a yi wanka?

A nan zan ɗan tsaya, domin nan ne baƙi suka fi ganganci. Kogin nan ba ruwan sama kaɗai ke tafiyar da shi ba. An gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama ta Challawa da ke Ƙaraye a 1992, duka biyun a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Dattawa za su gaya maka cewa da can da rani kogin kan koma yashi da 'yan gurabe. Yanzu ruwa na bin yadda aka sako shi daga sama, don haka mashigin da aka ƙetare ruwa iya gwiwa a wannan makon, wani makon yana iya kai ƙirji alhali ko ɗigo ba a yi ba. Wannan ruwan da ba ya yankewa ne kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa a can ƙasa, wajen Haɗejiya da Nguru.

Sai ramukan masu ɗiban yashi. Inda ka ga tifa na shiga, ka san ƙasan ruwan ba daidai yake ba, taku ɗaya ne tsakanin iya ƙugu da inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Ka ƙetare ne kawai inda ka ga mutanen wurin na ƙetarewa a ranar, ba inda aka ce maka bara ba.

Wanka kuwa, ga tsargiya. Ƙwayar cutar na fitowa daga jikin wasu ƙananan dodon-koɗi da ke zama a ruwa mai kwanciya, a gefen ciyawa da magudanan ban-ruwa, ta ratsa fatar mutum ba tare da ya ji ba. Sai bayan makonni ko watanni a ga jini a fitsari. Tana da magani a asibiti, amma me ya kai ka? In ka riga ka shiga kuma ka ga alama, ka gaya wa likita inda ka je.

A sha fa?

A'a. Kogin Challawa na ɗauko dagwalon masana'antu, har da na jima, daga gefen birni. Ka zo da ruwanka, lita biyu ga kowane mutum, ka ƙara a famfon tuƙa-tuƙa na ƙauye.

In zagayen ya haɗa da fito?

Yana ƙara wa tafiya armashi, kuɗinsa kuma kaɗan ne. Amma ka dubi jirgin kafin ka shiga. In an loda babura da buhuna har bakin kwale-kwalen ya kusa shafar ruwa, ka jira sahu na gaba, kada kunya ta hana ka. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a ruwan Bagwai, aka rasa rayuka da dama, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, kuma lodi fiye da ƙima aka ɗora wa laifin. In akwai rigar ruwa ka saka. Ba a fito da yamma liƙis, ba a yi in iska ta taso.

Wane takalmi, wane kaya?

Takalmi rufaffe wanda ƙafarka ta saba da shi, da safa. Silifas ba ya jure ƙaya da tsidau. Dogon wando mai kauri, domin ƙarangiya da kaka ba ta da mutunci, kuma ta fi son yadi mai laushi. Malafa ko hula mai baki, man shafawa da hunturu, sanda in ka samu. Kuɗi a hannu, canji ƙanana, domin mai fura ba ta karɓar tiransifa. Gajeren wando a bar shi a filin ƙwallo.

Macizai da karnuka da shanu fa?

Macizai na nan, kububuwa da kasa da gamsheƙa, sun fi fitowa da damina da lokacin girbi. Yawancin sara na faruwa ne in an taka su ko an zura hannu ƙarƙashin dami ko cikin rami. Ka tsaya a turba, ka dubi inda kake sa ƙafa. In ƙaddara ta faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana mutumin yawan motsi, a ɗora shi a babur zuwa asibiti mafi kusa.

Kare ba a gudu a gabansa, ka tsaya ka yi sallama da ƙarfi, mai shi zai fito. Garke kuma in ya cika burtali, kai ne za ka raɓe, hanyarsu ce. Kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta.

Me za a ci a hanya?

Abin da ƙauyen ya wayi gari da shi: ƙosai da koko, waina, ɗanwake, dafaffen rogo da ƙuli, kwaɗon zogale, rake a bakin fadama. In ka yi sa'a ka haɗu da 'yar Fulani ta fito daga ruga da ƙwaryarta, ka sha fura da nonon da ba a tsinka da ruwa ba. Ba a kutsa kai cikin ruga, daga nesa ake sallama a jira. Kifi kuwa a bar shi sai an dawo gindin gada, tarwaɗa ko karfasa, a ci a zaune. In an kawo maka ruwa ko abinci a zaure, ko ba ka buƙata ka taɓa ka yi godiya. Kuma kada ka zaro kuɗi ka biya abin da aka ba ka don karamci, cin fuska ne. Goro ko sabulu ko alawar yara sun fi.

Mata za su iya zuwa? Yara fa?

Ƙwarai, cikin ayari da shiga ta mutunci. Hasali ma sun fi maza riba. Namiji iyakarsa zaure, mace kuwa za a ce "Hajiya, shigo daga ciki mana", ta ga rumbu da turke da madafa, ta ga yadda ake kaɗa daddawa ko matsar man gyaɗa, ta fito da labarin da mijinta ba zai taɓa ji ba. Yara daga shekara takwas za su iya rabin zagayen, amma a bakin ruwa hannunsu na cikin naka.

Hoto?

Gona da itace da kogi, ɗauki abinka. Mutum, sai ka tambaya. Matan aure da 'yan mata, da wurin da mata ke wanki ko wanka a bakin ruwa, mayar da wayar aljihu. Kuma a daina ɗaukar yaran mutane ana sakawa a Facebook da TikTok da sunan tausayi.

Salla fa?

Babu ƙauyen da ba shi da masallaci da buta. Tafiyar Wudil daga Kano ba ta kai ta ƙasaru ba.

Ni ban san itatuwa da tsuntsaye ba. Me zan duba?

Fara da gawo, domin shi ne ya saba wa kowa: da damina, lokacin da duk itatuwa suka yi ganye, shi a tuɓe yake, sai rani ya shigo ya yi kore. Shi ya sa manomi ba ya sare shi. Ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Ka duba geron da ke gindinsa ka gwada da na nesa. Kuka kuma za ka ga an aske mata rassa, ba cuta ba ce, miyar gidan ce. Giginya da goruba sun fi yawa in ka doshi ruwa.

A bakin kogi akwai zalɓe tsaye a ruwa, da balbela a bayan shanu, da kirinjijiya masu tashi da fito. Da hunturu ana samun baƙin tsuntsaye da suka ƙetaro Sahara daga Turai, su ne suka sa aka san Baturiya a duniya. In ka ga shamuwa ta sauka a kan kukar gari wajen Afrilu ko Mayu, manoma sun fara gyaran gona ke nan. In kuma ka ji yara na kaɗa gwangwani da ihu a gonar shinkafa, jan-baki suke kora.

In na gaji a tsakiyar hanya?

Ka shiga ƙauye mafi kusa ka tambayi ɗan acaɓa. An hana su ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano tun 2013, amma a karkara su ne motar kowa, kuma sun san kowace turba. Ku yi ciniki kafin ka hau. In cikin ayari kake, ka gaya wa sauran ka yanke, kada su yi ta nemanka a bakin ruwa.